Tambayi Kawu: Mu 12 muna son kafa ƙauyenmu, tukunya guda asusu guda

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, Allah shi ƙara lahiya da nisan kwana. Mu abokai ne mu 12 da munka yi karatu tare nan Sakkwato, yanzu kusan kowa ya yi iyali, akwai malaman makaranta, biyu na aikin asibiti, akwai tela da mai walda da 'yan kasuwa. Gaskiya haya ta ishe mu, duk shekara sai mai gida ya ƙara kuɗi, ga tsadar hatsi ga ruwa sai mun saya hannun masu kura, shi ne munka yanke shawarar mu haɗa kuɗi mu sayi hili babba bayan gari wajen hanyar Boɗinga mu gina gidaje wuri guda mu zagaye, noma tare kiwo tare, kicin guda, kowa albashinai ya shiga asusu guda a yi ma kowa hidima, ɗiyanmu su tashi tare. Mun shekara muna zuba dubu 30 kowane wata. To amma tun ba a je ko'ina ba an hwara ja-in-ja, wasu na cewa da sunan wa za a sayi hilin, matar ɗayanmu kuma ta ce ita ba mai kai ta daji. Kawu mi kag gani, ta ina za mu hwara? Daga A. U., Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Niyyarku mai kyau ce kuma ba zan kashe muku gwiwa ba, mutum 12 su shekara suna zubi ba wanda ya gudu ai ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. Amma tsarin da ka zayyana min rabinsa zai yi, rabinsa kuma shi zai raba ku. Fili tare, ruwa tare, katanga tare, masallaci da makaranta tare, duk na yarda. Tukunya ɗaya da albashi a asusu ɗaya, wannan ku cire shi tun yau.

Ka dubi gandu da kakanninmu suka yi. Uba da 'ya'yansa maza har masu aure suna noma gona ɗaya, rumbu ɗaya, mai gida shi ke ciyarwa shi ke biyan haraji shi ke yi wa saurayi auren fari. Jini ɗaya ke nan fa, kuma akwai mai tsawatawa wanda ba a musa masa. Duk da haka sai da suka ware wa kowa gayaunarsa, a yi aikin gandu daga safe zuwa azahar, da yamma ko ranar hutu kowa ya nufi tasa, abin da ya samu a ciki nasa ne, ya sayi riga ko ya yi wa matarsa zane ba sai ya nemi izinin kowa ba. Kuma da duk wannan dabara yawancin gandu da zarar tsoho ya kwanta dama ba ya daɗewa, 'yan'uwa ciki ɗaya sai ka ga an raba gona an raba tukunya. To ku da ba uba ɗaya ba, kuma ba wanda zai iya cewa wani tashi ka tafi gona, kuna son ku yi abin da ya fi gandu tsanani, babu ko gayauna.

Wasu ma sun gwada a wasu ƙasashe. Wani attajirin Birtaniya Robert Owen ya sayi gari sukutum a jihar Indiyana ta Amurka a 1825 ya sa masa suna New Harmony, a yi aiki tare a ci tare, shekara biyu abin ya watse saboda masu ci sun fi masu aiki kuma kullum ana taron sake tsari. Ƙauyukan kibbutz na Yahudawa da suka fara da Degania a 1910 sun daɗe, har yara a ɗaki guda suke kwana ba wurin iyaye ba, amma iyaye mata suka yi ta matsawa har aka maida wa kowa 'ya'yansa, bayan bashi ya danne su a shekarun 1980 kuma mafi yawansu suka koma kowa da albashinsa, ita kanta Degania a 2007 ta bi sahu. Nan gida ma akwai Aiyetoro a bakin teku a jihar Ondo da wasu mabiya coci suka kafa a 1947, dukiya ta kowa da kowa, sun yi suna sosai da kamun kifi da ƙera jiragen ruwa, daga baya su ma kowa ya koma riƙe nasa. Ka lura abin da ake fara saki kullum shi ne aljihu da kicin da tarbiyyar yara, filin da rijiyar su ne ke saura.

Na san wani cikinku zai kawo min Ansar da Muhajirai, ko Ash'ariyyawa da Annabi (SAW) ya yaba musu saboda idan abinci ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai. Gaskiya ne, amma lokacin ƙunci ne suke yi, ba a ce sun soke mallaka ba. Gadon da ake yi ta hanyar 'yan'uwantakar Madina ma ayar ƙarshe ta Suratul Anfal ta maida shi ga dangi na jini. Kuma ka karanta Suratu Sad aya ta 24 ka ji abin da aka ce a kan yawancin abokan tarayya.

Bari in nuna maka kicin ɗin nan kusa-kusa. Yau girkin matar tela ne, ita amarya ce ko ɗa ɗaya ba ta da shi, an ce ta tuƙa tuwon mutum sittin da wani abu a zafin watan Afrilu da ma'auni ke wuce 40. Ta gama, yaran gidan malam su bakwai sun jero da kwanoni, gidan ma'aikacin asibiti da ya fi kowa zuba kuɗi kwano biyu kacal, kuma matarsa ba ta cin man ja, ta aiko a ce a zuba mata nama da ɗan yawa tunda mai gidan ya kwana wurin aiki. Ba wanda zai yi magana a ranar. Da dare ne kowace za ta faɗa wa mijinta, wata uku ana haka sai ka ga abokai na shekara 20 suna gaisawa sama-sama a ƙofar masallaci, zo mu zauna zo mu saɓa ke nan. Kowace mace a bar ta da murhunta. Abin da za ku haɗa shi ne sayayya, ku sayi gero da shinkafa da masara da kaka a buhuna ku ajiye a sito ɗaya, kowane gida ya ɗiba a rubuta, ranar Juma'a ko da azumi in kuna so a yi ci tare. Ribar da kuke nema ta sauƙin abinci a nan take, ba a cikin tukunya ba.

Batun da sunan wa za a saya, wanda ya tayar da maganar ku gode masa don shi ya fi ku hangen nesa. Kada ku kuskura ku sa sunan mutum ɗaya komai amanarsa, ba don zai ci ba, don zai mutu. Ranar da ya faɗi alƙali takarda zai duba, matarsa na da tumuninta 'ya'ya na da rabonsu, ku kuma sai ku koma neman shaidu a kan filin da kuka saya da guminku. Ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha da ke kula da su, ko ku je hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ku yi rajistar amintattu, filin ya fito da sunan ƙungiya. Sannan a kawo safiyo ya yanka, kowa da fulotinsa da lambarsa a rubuce, masallaci da makaranta da rijiya a yi musu wakafi yadda ba mai sayarwa ba mai gada, gona da garke kuma su zama hannun jari, kowa a san kasonsa. Ka tuna a dokar filaye ta 1978 ƙasa na hannun gwamna ne a matsayin amana, na karkara ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya, don haka takardar dillali da sa hannun mai gari kaɗai ba su isa ba, ku bi ta har ku samu takardar shaidar mallaka ta C of O. Kuma ku bincika ko gonar gado ce da ba a raba ba, don akwai ƙanen da ke Legas ko ƙanwar da ke aure a wani gari da ba a tambaya ba, sai kun kai ginin linta za su bayyana. A tabbatar kuma ba burtali ba ne.

Abin da na fi so ku zauna a kansa tun kafin a sauke tifar yashi ta farko shi ne yadda mutum zai fita. Wani za a yi masa canjin wurin aiki, wani zai ƙara aure gidan ya yi masa kaɗan, wani kawai zai gaji. Nawa za a ba shi, kuɗin da ya zuba ko ƙimar wurin a ranar, kuma cikin wata nawa, ga naira da ba ta tsayawa wuri ɗaya. A fiƙihunmu na Malikiyya akwai shuf'a, abokin tarayya ya fi bare cancantar sayen kason da za a sayar, amma da zarar an raba an sa iyaka shuf'a ta faɗi, to tunda za ku yanka fuloti dole ku rubuta da kanku cewa mai fita sai ya fara yi wa ƙungiya tayi. Haka in mutum ya rasu, iyalinsa su ci gaba da zama a gidansu ba tare da an ɗora musu aikin gona ba. Duk wannan a gaban lauya da malami, kowa ya sa hannu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ai a kan rubuta bashi take. Asusu kuma sa hannun mutum uku, ma'aji daban shugaba daban, duk alat da ya shigo ko ya fita a tura shi guruf ɗinku na WhatsApp a ranar.

Noma tare ma akwai magana, malami da ma'aikacin asibiti sun fita tun bakwai na safe, wa zai yi ban ruwa? Ko dai a rubuta kwanakin aikin kowa a biya shi da kaka, ko a ɗauki 'yan ƙwadago daga asusu a huta.

Wurin kansa ku je ku gan shi sau biyu, a Agusta ku ga inda ruwa ke kwanciya, a Afrilu ku leƙa rijiyoyin maƙwabta ku ga gaba nawa ake zura guga. Masu son fadama su tuna ambaliyar 2010 da ta cinye hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ta wajen Kwalkwalawa, gida a tudu gona a fadama. A gwada ƙasa kafin a biya kuɗi don a san ko bohol zai yi, a lissafa sola, a lissafa man zuwa gari kullum tunda tun 2023 da aka cire tallafi, kuɗin mai ba abin wasa ba ne. Matar da ta ce ba ta zuwa daji kada ku ɗauke ta mai taurin kai, tana tunanin naƙuda ƙarfe biyun dare ne da nisan asibiti, da kuma abin da duk muke ji na 'yan bindiga daga Sabon Birni da Isa da Tangaza. Gidaje 12 na ma'aikata su kaɗai a fili ai talla ce. Ku raɓi gari mai mutane, ku kai gaisuwa wurin hakimi da uban ƙasa, DPO ya san da ku, ku yi Juma'a tare da mutanen gari, rijiyarku su sha, makarantarku ta karɓi 'ya'yansu. Hukuma ba ta son jama'ar da ta ware kanta, a Agustan 2009 bayan rikicin Boko Haram a Maiduguri 'yan sanda sun kwashe dubban mutanen Darul Islam, wata jama'ar addini da ke zaune ita kaɗai kusa da Mokwa a jihar Neja, aka maida kowa inda ya fito.

Ta inda za ku fara kuwa, kada ku sayi fili tukuna. Ku ɗebi kaɗan ku kama hayar fadama rani ɗaya ku yi albasa tare, daga dashe har cira har kai wa kasuwa har rabon kuɗi, matanku kuma su gwada sayayyar kaka tare. Zuwa watan Maris za ku san wa ke zuwa aiki wa ke aiko da uzuri, in kun ragu zuwa 7 to da 7 ɗin za a sayi fili, sauran a maida musu zubinsu cif ana dariya.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Mai gidana da 'yan'uwanai sun gina gida guda babba za mu koma, sun ce har kuɗin ɗinkin da nike yi sai sun shiga asusun gida. Dole ne? Daga Maman Ihsan, Runjin Sambo.

AMSA: Lafiya lau 'yata. Ba dole ba ne, kuɗin kekenki naki ne, ci da sha da sutura da muhalli a wuyan miji suke ko da kin fi shi samu, kuma malamai sun yi bayanin cewa mace na da damar ƙin zama cikin dangin miji idan tana cutuwa. Ki faɗa masa cikin ladabi ku biyu, ba gaban facaloli ba. In kin ga dama ki taimaka don Allah wannan kyauta ce, amma in kuɗin gini ko na jari za ki zuba to a rubuta sunanki da adadin, waliyyinki ko wani yayanki ya zama shaida, kwafi ɗaya a hannunki.