Tsohuwar Taswirar Gandun Kiwo Ta Ƙi Dacewa da Hoton Sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina nazarin tsofaffin taswirorin USGS, hukumar zana taswirorin ƙasar Amurka, na gandayen kiwon shanu a filayen jihar Nebraska ta Amurka. Na ɗora wata a kan hoton tauraron ɗan adam, sai na ga rijiyoyi da hanyoyi sun goce daga mazauninsu. Laifin taswirar ne ko nawa?
Ɗalibar ilimin labarin ƙasa, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara duba rubutun da ke gefen ƙasa na takardar. Yawancin waɗannan taswirori an gina su ne a kan NAD27, tsohon tsarin awon mazaunin wurare a doron ƙasa, alhali waya da hotunan sama suna bin sabon tsari mai suna WGS84. Bambancin yakan kai mita gomomi, kuma alamarsa ita ce komai ya goce zuwa ɓangare guda. Idan haka ne, sauko da fayil ɗin GeoTIFF (hoton taswirar mai ɗauke da bayanan mazauninta) kyauta daga topoView, shafin intanet na USGS, ki buɗe shi a manhajar taswira ta QGIS, ki tabbatar manhajar ta gane NAD27 ne kafin ta juya shi zuwa WGS84.

Sai sikeli. A taswirar 1:24,000 santimita ɗaya mita 240 ce a ƙasa. A ta 1:125,000, irin waɗanda aka zana da hannu a fili tun kafin zuwan hoton jirgin sama, santimita ɗaya kilomita 1.25 ce, kaurin layin alƙalami kaɗai ya cinye mita da yawa. Kada ki auna iyakar gandu da irin wannan.

Shawararmu ita ce kada ki kafa ma'auni a kan famfon ruwa mai aiki da iska ko rijiya. Makiyayi yakan rufe tsohuwar rijiya ya haƙa sabuwa a can gefe, hanyar gandu kuma takan sauya idan rairayi ya binne ta. Jajayen layukan rabon ƙasa sun fi amana: kowane murabba'i mil ɗaya ne ta kowane gefe, eka 640, daidai da filin da dokar Kinkaid ta 1904 ta ba mai zama a yammacin Nebraska. Shinge da titi sukan bi waɗannan layuka har yau. Ɗauki mahaɗarsu guda huɗu, kusa da kusurwoyin takardar, ki daidaita da su.

Kuma ki kula da abin da aka buga da launin shunayya. Ƙari ne da aka yi daga baya ta hanyar hoton jirgi, ba wanda ya je wurin ya tabbatar, don haka shekararsa daban take da ta sauran taswirar.