Ɗaukar fim da waya a sinima: laifi ne?

Malam Sani daga Agege, ka ce kana son ɗaukar fim da wayarka a sinimar Ikeja ka tura wa ƙanenka a Kano, ko akwai laifi? Akwai kuwa, ɗan'uwa.

Tikitin da ka saya na kallo ne kawai. Kwafa da rabawa haƙƙin mai fim ne a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, kuma hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijeriya (NCC) ce ke bibiyar masu karya ta. Idan ciniki ya shigo, irin faifan satar da aka san kasuwar Alaba ta Legas da shi, to maganar tara ce da gidan yari. A Amurka ma, tun 2005 ɗaukar kaɗai na iya jawo ɗaurin shekara 3.

Kada duhun ɗakin ya ruɗe ka. Hasken waya daga nesa ake hango shi, ma'aikaci zai dafa ka a kafaɗa ya fitar da kai. Na'urar haska fim ma tana saka wata alama da ido ba ya gani, mai nuna sinimar da ranar da aka ɗauka. Kai ƙanenka kake nufi, amma da zarar ya shiga WhatsApp ya fita hannunka.

Tura masa kuɗin tikiti, Kano ma akwai sinima.