Tambaya da Amsa: Son Kenshin Tomoe ta yi, ko fansa kawai ta zo ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah a raba mana gardama ni da yayana akan anime ɗin nan na Rurouni Kenshin, mai kashi huɗu da ya fito a 1999. Shi yace Tomoe mayaudariya ce tunda dama fansar saurayinta da Kenshin ya kashe ta zo ɗauka, ni kuma nace ai da ba ta sonsa ba za ta ba da ranta a kansa ba. Wa ya fi gaskiya? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Gaskiya ke kin fi kusa, amma shi ma yayan naki kar ki watsar da maganarsa gaba ɗaya, domin babu musu da niyyar a halaka Kenshin ta baro Edo ta zo Kyoto, har ta yarda ta yiwa 'yan ɓangaren Shogun, wato shugaban mulkin soja na Japan a lokacin, leƙen asiri ta gano musu lagonsa. Inda na rabu da shi shine kiranta mayaudariya.

Ki duba daga ina fansar ta taso. Kiyosato, saurayin nata, ya tafi Kyoto ne neman suna da matsayi saboda yana ganin bai kai ya faranta mata ba, ita kuma mace ce mai zurfin ciki da ba ta iya nuna murna a fuska, ba ta taɓa nuna masa irin daɗin da ta ji da baikon ba, ba ta riƙe shi ta ce kar ya tafi ba, sai labarin mutuwarsa ta ji. Toh kinga rabin wutar da ke cinta haushin kanta ne, kuma ita da bakinta ta nuna cewa da ba ta samu wanda za ta ƙi ba da haukacewa za ta yi. A ganina wannan fansar ma soyayya ce ta haife ta, soyayyar da ba a furta ba sai da mai ita ya bar duniya.

Kuma fansa a Japan ta wancan zamanin ba abin kunya ba ce. Akwai tsarin katakiuchi, samurai, wato mayaƙin gargajiya na Japan, na neman izinin hukuma ya bi wanda ya kashe ubansa ko yayansa, sai a 1873 gwamnatin Meiji ta haramta. Labarin kuwa a 1864 yake, shekarar da 'yan Shinsengumi, dakarun ɓangaren Shogun, suka afkawa 'yan adawa a masaukin Ikedaya da ke Kyoto.

Bayan wannan harin ne aka tura Kenshin da Tomoe garin Otsu su ɓuya a matsayin miji da mata, kuma nan ne komai ya juye. Mutumin da ta sani da sunan makashi sai ga shi yaro ne ɗan shekara sha biyar yana noma 'yar gona yana damuwa ruwan sama ya lalata shuka, yana sayar da magani, wanda bai san menene kwanciyar hankali ba sai da ya zauna da ita. Wallahi wannan ɓangaren ya fi duk yaƙe-yaƙen taɓa ni. Ta so shi, amma fa ba ta daina son Kiyosato ba, shi yasa kullum take kamar mai laifi, tana rubuta abin da ta kasa faɗa a littafinta na sirri.

Tabon nan na kumatun Kenshin ya isa hujja. Zanen farko Kiyosato ne ya yi yana gargarar mutuwa yana kiran sunan Tomoe, kuma ciwon ya riƙa zubar da jini yaƙi warkewa. Na biyun ita ta yi da wuƙarta bayan ta shiga tsakaninsa da abokin gaba takobin Kenshin ya same ta. A littafin manga, wato littafin zane da aka ɗauko labarin daga ciki, wuƙar suɓucewa ta yi ta yanke shi, amma a anime ɗin da hannunta ta ja zanen tana ba shi haƙuri, kuma ni na fi yarda da na anime, don ta sauke haƙƙin Kiyosato ba tare da ta kashe mijinta ba.

In kina son ganin tsantsar fansa, ƙaninta Enishi za ki kalla. Shi bai zauna da Kenshin ya san shi ba, abin da ya gani kawai yayarsa ta faɗi a takobin Kenshin, gashin kansa ya koma fari, ya riƙe abin a ransa sama da shekara goma har ya dawo daga Shanghai yana nemansa.