Kan sarki a jikin azurfa ba shaidar fada ba ne

Ka tambaye ni jiya muna rufe maƙera: "Maigida, tunda ga kan sarki a gindin mazaunin kyandir ɗin nan da aka kawo gyara daga Ingila, ashe na sarki ne?" Na ce ka bari sai da safe, don ina so ka riƙe shi a hannu muna magana.

Fara murɗe shi, yarona, a hankali. Ka ga a rufe kamar ɗan gurasa, a buɗe kuma faifai biyu ne, ga kofunan da ake kafa kyandir kwance a ciki, ga 'yan murafun kashe wuta masu kamar mazurari. Na matafiya ne, lokacin da attajiran Turai ke kwana a hanya cikin keken doki. A sauka masauki, a buɗe, a ɗaura kofi a tsakiyar kowane faifai, faifan ya tare narkakken kyandir.

Yanzu ɗauki madubin ƙara girma ka dubi hatiman nan. Zakin da ya ɗaga ƙafa ɗaya yana cewa azurfar ta kai kashi 925 cikin 1000. Kan damisa na Landan ne. Da hoton anga ka gani, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgin ruwa, Birmingham ke nan. Harafin nan shekara yake nunawa, baƙaƙen gefe kuma na maƙerin ne. Shi kuwa kan sarkin da ya ɗauke maka hankali, hatimin haraji ne. Daga 1784 zuwa 1890 ana buga shi a kan azurfar da aka biya wa kuɗin gwamnati, ko da cokalin mai sayar da nama ne. Ka tuna liyarin da kakanninmu ke narkarwa su yi mundaye? Kowanne 1780 ke jikinsa, alhali an ci gaba da buga shi shekaru aru-aru bayan haka. Rubutu a ƙarfe sai ka san dalilin buga shi.

Abin da ake nema don sanin ko na sarki ne shi ne zanen da aka sassaƙa da hannu: kambi a sama, baƙaƙen sunan mai shi a ƙasa, kamar GR na Sarki George. Ko shi ma bai isa ba. Jakadun Ingila a dā ana ba su kayan azurfa masu tambarin sarauta su tafi da su bakin aiki, sarki bai taɓa ko ganinsu ba. Wasu kuma daga baya aka ƙara musu zane don kuɗi ya hau. Shi ya sa masu sayen irin wannan ke neman takarda: lissafin kayan fada, ko rasiɗin gidan gwanjo, hannu zuwa hannu. Azurfar gidan sarautar Hanover da ke ƙasar Jamus, misali, ana gane da yawa cikinta da baƙaƙen EAFs, masu nuna mallakar gidan Ernest Augustus, da aka zana bayan ya hau gadon can a 1837.

Wannan namu ba kambi, ba takarda. Amma danna tsakiyar faifan da babban yatsa. Ka ji yana ɗan lotsawa? Hura masa numfashi, ka ga inuwar wani abu ta fito. An taɓa kankare zane a nan, ƙarfen ya yi siriri, kuma wanda ya yi haka ya tafi da sunan mai shi har abada. Abin yana min ciwo.

Don haka ajiye magagarin nan da buroshin ƙarfe. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, tsumma mai laushi. Baƙin da ke cikin ramin hatimi ka bar shi, shi ke sa a iya karanta shi. Wajen murɗawar da ya cije shi kaɗai aka ce mu gyara, kuma ni zan fara taɓa shi, kai ka tsaya kusa ka kalli hannuna.