Ki bari ki sauka tukuna kafin maganar sayen gida a Ingila

Ƙanwata na ga saƙonki tun shekaranjiya, dutin dare nake yi satin nan shi ya sa kika ji ni shiru. Barka da samun aiki, Allah ya sanya albarka ya sa ki shigo a sa'a. Kin ce wani asibiti a Manchester ya ɗauke ki aikin nas, maigidan ya sayar da filinsa na Kaduna, kuna so da kun sauka ku sayi gida kai tsaye maimakon ku yi ta zuba kuɗi a haya, sannan kika ce ke tunda kike ba ki taɓa cin bashin ko sisi ba, don haka banki ba zai ba ki wahala ba. Wannan ta ƙarshen ce ta ba ni dariya wlh, don ni ma da ita na zo.

A gida wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne mutumin kirki. A nan kuwa baƙo ne kawai, ba wanda ya san shi. Akwai kamfanoni uku, Experian da Equifax da TransUnion, aikinsu kenan su riƙa rubuta yadda kowa yake biyan abin da ake binsa, kuɗin waya, katin banki, wani lokaci har wuta da gas, shi ne ake ce wa kiredit. Ranar da kika je neman mogej, wato bashin sayen gida, fayil ɗin nan banki zai buɗe, naki kuma fanko ne don duk riƙon amanar da kika yi a Najeriya ba ya biyo ki a jirgi. Ba za su ce ke macuciya ce ba, cewa za su yi ba su san ki ba, kuma wajensu duk kanwar ja ce.

To abin da zaki fara yi a watan farko ba duba gidaje a shafin tallan gidaje na Rightmove ba ne. Ki buɗe asusun banki inda albashi zai riƙa shiga, ki yi rajistar zaɓe a adireshinki, mu 'yan Najeriya muna da wannan damar tunda muna cikin Commonwealth, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, in dai bizarki tana da rai, kuma da wannan rajistar suke tabbatar da cewa da gaske a gidan kike. Ki ɗauki layin waya na biyan wata-wata da sunanki. Bayan 'yan watanni ki nemi ƙaramin katin kiredit, ki riƙa sayen man mota ko cefane da shi, ki saita banki ya riƙa cire kuɗin GABA ƊAYA duk wata da kansa, in kin yi haka ba ruwan da zai hau kai. Na san akwai malaman da ba su yarda da katin ba ko da ba a kai ga biyan ruwa, tunda an sa hannu a yarjejeniyarsa, wasu kuma sun yi sassauci, wannan ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa, ni dai na riƙe kati ɗaya. Amma kar ki bi bankuna biyar a sati guda kina cike fom, duk wanda ya bincike ki yana barin sawu, sai ki zama kamar wadda ta matsu.

Bari in ba ki nawa labarin. Shekarata ta biyu muka tashi daga wani gida, ashe akwai ragowar fam 38 na kuɗin intanet da kamfanin ya ci gaba da aika wasiƙa tsohon adireshi, ni ban sani ba ban ji ba, sai da muka je neman mogej aka ce ai an rubuta na ƙi biya. Fam 38! Irin wannan tabon shekara 6 yake yi a fayil ko da kin biya daga baya. Na yi kuka ranar, maigidan yana ta ba ni haƙuri alhali shi ne ya ce ya rufe komai. Af, na tuna, in kuka buɗe asusun haɗin gwiwa ke da shi fayil ɗinku ya haɗu kenan, in ya yi sakaci ya shafe ki. Haka in wata 'yar uwa ta ce ki ɗaukar mata waya ko mota da sunanki zata riƙa biya, ki ba ta haƙuri, ki ba ta kyauta in kina da hali, zumunci da yawa ya mutu a kan wannan a garin nan.

Sai kuɗin filin. Nan ne mutanenmu suka fi shan wuya, don lauyan da zai yi cinikin gidan dole ne a doka ya tambayi asalin kowane fam. Takardar cinikin filin, sitatimen banki da ya nuna ranar da mai saye ya tura kuɗin, hanyar da aka bi aka canza su zuwa fam, duk ki adana tun yanzu kina gida, ki ɗauki hotonsu. In kuka ba ɗan canji naira a Kaduna wani can da ba ku sani ba ya turo muku fam daga asusunsa a nan, kuɗin halal ɗinku ne amma ba yadda zaki nuna hakan. Adashi ma haka, muna yi a nan sosai, sai dai ranar da kika kwasa aka ga mutum goma sun zubo miki kuɗi a sati ɗaya sai kin yi bayani kamar a kotu. In Baba ne zai taimaka da wani abu, sai ya rubuta takarda cewa kyauta ce ba rance ba, da katin shaidarsa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba. Gwamnati tana yi wa masu sayen gidan farko rangwamen harajin saye, a Ingila ba a biyan komai har zuwa fam 300,000, sannan akwai asusun Lifetime ISA wanda in kina tsakanin shekara 18 da 39 zaki buɗe, ki zuba har fam 4,000 a shekara su ƙara miki kashi 25, wato fam 1,000 kyauta, amma sai ya shekara da buɗewa kuma gidan kar ya wuce fam 450,000. Sharaɗin shi ne ba ki taɓa mallakar gidan zama ba ko ina a duniya, har da na gado. Kenan in sunanki yana cikin gidan gado na Kano ki faɗa wa lauya tun farko, kar ki ɓoye. Kuma wanda ya saya bai cika kwana 183 a ƙasar ba ana ƙara masa kashi 2 na haraji, kinga gaggawar ma tsada ce.

Bankuna yawanci suna ba da ninki 4 zuwa 4 da rabi na albashin shekara, ki lissafa naki ki gani. Ɗan ƙasa yana iya shiga da dipozit, wato kuɗin da zai fara bayarwa daga aljihunsa, na kashi 5 ko 10 na kuɗin gidan, mai biza kuwa wasu bankunan sai sun ga ya ɗan jima, wasu su nemi har kashi 25. In ba kya son na ruwa akwai irin su Gatehouse Bank, ku sayi gidan tare kina biyan hayar kasonsu kina saye kaɗan-kaɗan, ya fi ɗan tsada gaskiya, kuma su ma fayil ɗin nan dai za su duba.

Ni shawarata ku kama haya ko ta shekara ɗaya ce zuwa biyu, ba asara ba ce, a nan zaki san unguwa. Unguwar da ta yi kyau a hoto ki je ta da daddare cikin Disamba. Ki ga bas nawa zaki hau zuwa asibiti ƙarfe 6 na safe, ina masallaci, ina makarantar yara, don a nan adireshi ne yake ba yaro makaranta. In kin shiga duba gida ki bar kallon fenti, ki leƙa bayan labule da kusurwar banɗaki ki nemi baƙin danshi, ki tambayi shekarun boila, wato na'urar ɗumama gida da ruwa, ki duba takardar ɗumin gida mai A zuwa G, don mai E ko F a hunturu gas kawai zai ci albashinki. Filat kuma yawanci lishol ne, ginin ba naki ba ne, shekaru kika saya, ga kuɗin hidima duk shekara da yake hawa yadda ya ga dama, in shekarun da suka rage sun yi ƙasa da 80 ki gudu. Kuma ko an karɓi tayinki ba a gama ba, har sai lauyoyi sun yi musayar takardu mai gida yana iya fasawa, mu sau biyu ana mana haka bayan mun biya mai duba gini.

Ki turo min ranar tashinku in ga ko zan samu hutu in zo tarbarku. Ki taho min da kuka da daddawa dan Allah, amma kar ki sako kilishi a jaka, ba a shigowa da nama, ƙwacewa za su yi. Ki gaida Umma da yara.