Saƙonnin za su dawo, amma ina littafin cinikinka?

Wani mai sayar da kayan gyaran waya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya rubuto cewa ƙanensa, wanda ke riƙe masa imel, ya goge saƙonni kusan 200, ciki har da rasidan kuɗin da ya tura wa dilansa a ƙasar Sin. Yana son dawo da su gaba ɗaya, domin yana shirin yin odar kwantena.

Alhaji, dawo da su ba wuya, muddin ba su kai kwana 30 a kwandon shara na Gmail ba, domin bayan haka suna ɓacewa gaba ɗaya. Ka nemi kwamfuta, domin a waya sai ka sha wahala. Ka buɗe kwandon, ka danna ƙaramin akwatin da ke sama, wanda zai zaɓi saƙonni 50 na shafin, sannan ka danna rubutun da zai bayyana mai ba ka damar zaɓar duk abin da ke cikin kwandon, ka mayar da su akwatin saƙonni. Idan wasu kawai kake so, ka zaɓi na farko, ka riƙe maɓallin Shift, ka danna na ƙarshe.

Abin da ya dame ni shi ne yadda shaidar miliyoyinka take zaune a wuri ɗaya tak, kuma mabuɗin yana hannun yaron da ba ya bambanta rasidi da talla. Ban zarge shi da mugun nufi ba, kai ne ka ɗora masa nauyin da bai san girmansa ba. Na san wani mai kayan mota a Panteka da ya biya kafin alƙalami na kusan naira miliyan 4, ɗan yayarsa ya share imel don wurin ajiya ya cika, dila ya ce rabi kawai ya shiga hannunsa. Watanni suka shuɗe ana ja-in-ja, a ƙarshe ya haƙura da wani kaso, zumunci kuma ya yi tsami.

Ka canza kalmar sirri yau, ka sa lambar wayarka a matsayin ta tabbatarwa. Kowane rasidi ka buga shi a takarda, ka rubuta ranarsa da adadinsa a littafi da hannunka, ka haɗa shi da bayanin asusun banki duk ƙarshen wata. Maganar kwantena kuwa, ka ajiye ta tukuna, sai ranar da za ka iya gaya mini nawa dilanka ke binka ba tare da ka kira ƙanenka ba.