Antibayiros uku a kwamfuta ɗaya: wanne zan bari, wanne zan cire?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Aboabo, nan Kumasi, muna buga takardu da fotokofi da cike wa ɗalibai fom a intanet. Kwamfutar ta hannu ce, a Adum na saye ta, kuma wanda ya sayar mini ya saka antibayiros a ciki. Makon jiya ƙanena ya sauke manhajar buɗe PDF da wata ta share tarkace. Tun daga nan sai ga alamar garkuwa guda biyu a allo waɗanda ba mu muka saka ba, kullum suna cewa kwamfutar tana cikin haɗari. Yanzu kafin Word ta buɗe kwastoma ya gaji da tsayuwa. Bayiros ne ya shiga? In kuwa tsaro ne, ba gara su yi yawa ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a kasuwa. Yadda kika kwatanta, na fi kyautata zaton ba bayiros ba ne, kuma kada ki ga laifin ƙanenki sosai. Yawancin manhajojin kyauta suna zuwa ne da 'yan rakiya. A wajen saukewa ko wajen sakawa akwai ɗan akwati da aka riga aka yi masa maki, rubutun ƙanana, yana cewa ka yarda a haɗa maka da wata manhajar tsaro. Mutum yana sauri, yana ta danna Next, shi ke nan ta shige. Shekaru da dama shafin sauke Acrobat Reader na kamfanin Adobe yana tallar McAfee Security Scan Plus ta wannan hanya, haka ma CCleaner ta riƙa tallar antibayiros na Avast bayan Avast ya sayi kamfanin da ke yin ta a 2017. Ciniki ne tsakanin kamfanoni, ta nan mai manhajar kyauta yake samun nasa.

'Yan rakiyar nan iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin maganin. Na farko ba cikakken antibayiros ba ne. Security Scan Plus, alal misali, dubawa take yi ko kina da kariya a kunne, ta ba ki rahoto, sannan ta nuna miki abin saye. Irin wannan damunta surutu ne da cin ɗan wuri. Na biyu shi ne cikakken antibayiros mai aiki dare da rana, yawanci na gwaji ko na kyauta, kuma shi nake zargi da nauyin da kike gani.

Ga yadda abin yake. Antibayiros na gaske yana dasa kansa can cikin Windows, a daidai hanyar da kowane fayil yake bi. Duk lokacin da kika buɗe takarda, ko kika ajiye, ko kika soka fendirayib, sai ya tare fayil ɗin ya bincika kafin ya sake shi. To ki ɗauka masu gadi biyu ne a ƙofa ɗaya, ba wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. Wannan ya caje mai shigowa, wancan ma ya caje shi, sannan kowanne ya ga ɗayan yana taɓa kayan mutane ya ɗauke shi ɓarawo. Haka suke yi. Wanda ya buɗe fayil don ya duba, ɗayan sai ya ga an taɓa fayil, shi ma ya taso. Wani lokaci ɗaya ya kama bayiros ya killace, ɗayan ya hango wurin killacewar ya yi ta ƙara a kan abin da an riga an gama da shi. Wani lokaci ɗaya ya riƙe fayil, ɗayan ya kasa gogewa, mugun abu ya zauna lafiya a tsakaninsu. A kwamfutar da ram ɗinta 4GB ne da tsohon had disk mai juyawa, irin waɗanda suka cika shagunan Adum, wannan kokawa kaɗai ta isa ta durƙusar da ita. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki kalli layin Disk. In kin ga ya kafe a 100% kuma sunayen masu tsaron ne a sama, kin ga abin da idonki. Saboda haka yawansu ba ya ƙara tsaro, ragewa yake yi.

Akwai kuma na huɗu da ba ki lissafa ba. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu, Microsoft Defender, kuma an gina shi ne ya ja gefe da kansa da zarar an saka wani. Shi ya sa ba ya rigima da kowa. In kika cire sauran, zai dawo bakin aiki.

Shawarata, kuma da gaske nake, ki bar Defender shi kaɗai. Har wanda mai sayar da kwamfutar ya saka miki ina so ki bincika. Ki buɗe shi ki ga ranar da ya sabunta kansa na ƙarshe. Da yawa daga cikin waɗanda ake sakawa a kasuwa na fashi ne, lasisin ya mutu tuni, garkuwar tana nan a allo amma watanni ba ta karɓi bayanin sabon bayiros ba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan 'yan rakiyar, domin yana sa mutum ya saki jiki alhali ba abin da ke tsare shi. In kuwa da kuɗinki kika saye shi kuma yana sabuntawa, ki riƙe shi, ki kori sauran.

Wajen cirewa, kada a goge alamar da ke allo a ce an gama. A shiga Settings, sai Apps, a nemi kowanne a danna Uninstall, ɗaya bayan ɗaya, ana kashe kwamfutar ana kunnawa a tsakani. Antibayiros yakan bar saiwa, shi ya sa kamfanonin suke da nasu abin tumɓukewa: na McAfee sunansa MCPR, na Avast kuma Avast Clear, Norton ma yana da nasa. Daga shafin kamfanin kaɗai za a sauke su. A leƙa Chrome ma, a sashen Extensions, domin wasu suna maƙala ɗan abinsu a can, irin su WebAdvisor. Bayan haka ki buɗe Windows Security, ki shiga Virus & threat protection, ki tabbata suna ɗaya ne yake tsaro, ki sabunta shi, ki sa ya yi Full scan da daddare bayan an rufe shago. A nan ne za a tabbatar ko akwai bayiros na gaske. A cikin App & browser control kuma akwai wurin toshe manhajojin da ba a so, ki ga cewa a kunne yake.

Abu ɗaya da ya shafi sana'arki: haɗarinki na yau da kullum fendirayib ɗin kwastomomi ne. Kafin ki buɗe kowanne, ki danna shi da maɓallin dama na linzami ki zaɓi Scan with Microsoft Defender. In kuma bayan duk wannan gargaɗin yana ci gaba da fitowa a kusurwar allo, yana neman ki biya ko ki kira wata lamba, to wannan daga wani shafin intanet ne da aka ba izinin turo sanarwa. A rufe shi a Notifications na Chrome, kada ki tura wa kowa ko sidi ɗaya ta MoMo.